Daɓen da Aka Hana Sha

Jiya da hantsi na kafe motona a kan sabon daɓen masu kifi na bakin kogi, ƙafarsa ta shige cikin tsaga, ya kwanta da kwandon tarwaɗar Inna Ajuma. Ta zage ni har kakannina. Na karɓa, don ɗan kabu-kabu ba ya musu da mai kaya.

Daɓen nan kwanansa goma sha tara a duniya. Na zauna na ƙirga tsagarsa, na gaji a talatin.

Ni da lakwal, wato boko, a aji huɗu muka rabu, saboda haka na tafi tambaya wurin Seyni magini, wanda ya zuba daɓen. Na same shi zaune, ba aiki.

"Baba Seyni, me ya ci daɓenka?"

"Ƙishirwa, ɗana."

Ya ce simintin da aka kawo irin wanda ake gaurayawa da kashin ƙarfe ne, wato dattin da ke fita in an narka ƙarfe. Mai kyau ne, amma a hankali yake kamawa. Sai an rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda. In zafin ranar garinmu Gaya ya same shi tsirara, sai ya tsuke tun bai yi ƙarfi ba, ya dare.

Seyni ya rufe, ya shayar. Rana ta biyu sai ga Ranka-ya-daɗe Mai Tsara Biki. Ya ce gobe Babban Baƙo zai zo buɗewa, kuma buhunan albasa ba sa kyau a foto, a kwashe su.

"Mushe," in ji Seyni, yana girmama shi da Faransanci, "ko kwana biyar a ƙara mini."

"Kalanda ba ta san siminti ba. Ruwan ma a daina, kada takalmin Mai Girma ya jiƙe."

Gaskiya takalmin bai jiƙe ba. Na gani da idona, kuma ina yaba wa duk masu hannu a wannan nasara.

Da tsaga ta bayyana, aka turo kwamiti a mota uku. Suka tsaya taku ashirin daga kogi, suka rubuta cewa matsalar ƙarancin ruwa ce da sakacin magini. Aka cire sunan Seyni daga masu aikin hukuma, bayan shekara ashirin da shida.

Yau ya ɗaure cokalin gininsa, na kai shi ƙauyen Tanda, inda zai gina wa wani manomi rumbu da laka.

"Baba, daga siminti zuwa laka?"

"Laka ma tana tsagewa," in ji shi. "Amma manomi yana jira."

An ce za a sake daɓen. An riga an sa ranar biki, saura a samo magini.