Ruwan Wankin Kai

"Lafiya lau, sai zafi. Ke kuma ya kwanan rowa?"

Haka tsohon ya amsa gaisuwar jikarsa, yana dire bokiti a ƙofar shagonta na kitso da wankin kai. Tun da famfunan unguwar suka ƙafe, da ruwan ɗaurayar kan mata yake raya ɗan lambunsa na bayan gida. Ita ta ware masa wanda babu maganin gashi a ciki, shi kuma ya tace da tsumma, ya bari ya kwanta, ya riƙa zuba wa shukoki da gwangwani. Yau da ya leƙa robar da take tara masa, sai ya ga gindinta a bushe ƙayau.

"Amarya, ina ruwana? Ko kin shanye?"

"Ji min tsoho! Ango na gari turare yake zuwa da shi, nawa kullum bokiti. Ni dai na yi asarar miji."

"Asara? Da ƙuruciyata, in na wuce ta layin nan, mata har kofuna suke saki."

"Tsoro ne, Kaka. Sun zaci fatalwa ce."

"To fatalwar ta zo karɓar haƙƙinta. Rijiya ta bayar, guga ya hana?"

"Wace rijiyar? Duba kujerun nan. Rabona da kan mace tun makon jiya. Wadda ba ta samu na dafa wa yara abinci ba, ita ce za ta zo a wanke mata gashi? Kowa ya ɗaura ɗankwali ya rufa wa kansa asiri."

"Ƙarya ne. Hannunki ne ya kore su. Kitsonki kamar kunyar da makaho ya yi a gona."

"Gara nawa ana ganin layi. Naka lambun, akuya ta leƙa ta yi maka jaje ta wuce."

 Tsohon ya zauna a bencin bakin ƙofa, ya dafa gwiwoyinsa.

"Akuyar ta yi gaskiya. Kuɓewa ta tafi. Alayyafo na tumɓuke shi da hannuna, don kada in riƙa kallonsa yana roƙona. Saura tumatir, sai lemon da kakarki ta dasa. Jiya na tarar ya fara zubar da 'ya'yansa tun suna kamar tsakuwa."

Sai a lokacin ya lura babu madubi a bango. An sauke shi, an jingine a lungu, an rufe da zane. Mataji da kibiyoyin tsifa duk an zuba su a kwali.

"Wannan fa? Yaji za ki yi?"

"Rufewa zan yi, Kaka. Mai kurar ruwa ya daina biyowa ta nan. Yau zan mayar da makulli."

"Ashe sakin nawa za ki yi babu ko shaidu."

"Wa zai zauna da mijin da haƙoransa suka riga shi ƙaura?"

Babu wanda ya yi dariya. Ta shiga ciki, ta jawo wata jarka da ba ta kai rabi ba, ta ajiye a gabansa.

"Ungo. Shi ne ya rage min. Kai wa lemon."

Ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfin.

"Wannan mai kyau ne. Yaran maƙwabta suna lasar leɓe, ni in juye wa ƙasa ruwan sha? Talauci nake yi, ba hauka ba. Sai wanda ya gama aikinsa nake ɗauka."

"Kai dai ka cika taurin kai! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa."

"Na ji. A gida kika gada."

 Sai ta ɗebi kofi biyu ta zuba a buta, ta tura sauran gefe.

"Wancan na yaran ne. Kai kuma taso ka hau kujera, ka tara bokitinka a ƙasa. Yau kai ne mai wankin kai."

"Ni? A shagon mata?"

"Wa ya rage da zai gan ka? Cire hula."

Ya cire. Kan nan fes kamar ƙwai, ko silin gashi babu.

"Innalillahi! Kaka, ashe farin nan na bana ta kanka ya fara!"

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, ya sunkuyar da kai.

"Kin ci, ja'ira, kin ci. Zuba a hankali, kada ki zubar min a ƙasa."

Ta zuba a hankali. Ruwan ya gangaro ta goshinsa yana ɗiga cikin bokiti, shi kuma ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba.