Yadda Malam Mamuda Ya Ci Yaƙin Ragowar Tuwo

Da sunan Allah Mai ciyar da tsuntsu a sama da kifi a ruwa muke buɗe wannan tarihi. Amma ba'adu, wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadaukai, Malam Mamuda ɗan Ilu, Ilun da bai taɓa tashi daga gaban akushi ya bar loma ba. Ɗan Jatau, wanda yake suɗe kwano har matarsa ta shiga kokwanton ko ta zuba miya a ciki. Ɗan Barmo Mai Rumbu, wanda ya yi shekara arba'in yana tsince ƙwayar gero a tsakar gida, kajinsa suna binsa da harara. Daga wannan tsatso mai albarka aka sami gwarzonmu, malamin tarihi a wata sakandare a Funtuwa, ɗan shekara hamsin da biyu, mai furfura a gemu da ɗan tumbi a gaba, wanda ya haddace shekarar da aka ci kowane birni a ƙasar Hausa amma bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Mai ba da labarin nan ya san shi farin sani, don madubi ɗaya suke dubawa da safe.

Asalin fitinar kuwa, wata Asabar ce cikin tsakiyar bazara, ya fito daga ɗaki ya tarar da uwargidansa Hajiya Saude tana juye rabin malmalar tuwo a kwandon shara. Jinin Jatau ya motsa a jikinsa. Ya tsaya a tsakar gida da buta a hannu, ya yi huɗuba a kan almubazzaranci wadda limamin Juma'a zai yi alfahari da ita. Ya ambaci manomi da guminsa, ya ambaci yunwar da ta taɓa tarwatsa garuruwa, ya kawo tsadar masara, sannan ya rufe da cewa da shi ne ke riƙe da madafa, ko ƙwayar shinkafa ba za ta ga ƙasa ba.

Hajiya Saude ta saurare shi har ƙarshe tana wanke tukunya. Shekara ashirin da shida ke nan tana sauraronsa.

"Malam, tuwon ya yi tsami ne," in ji ta. "Amma ba komai. Ƙanwata ta haihu a Zariya, gobe zan tafi, sai bayan suna. Ga gida, ga madafa. In na dawo na tarar ba ka zubar da ko loma ba, ba ka ba akuya ba, ba ka ba kaza ba, to daga ranar hukuncin ragowar abinci a gidan nan naka ne. In kuwa ka zubar, kada in ƙara jin bakinka a kan tukunyata har tashin ƙiyama."

"Na karɓa!" in ji sadauki, ya ɗaga buta sama. Da wannan kalma aka buga tambarin yaƙi.

Ranar Lahadi ta tafi, ta bar masa malmala shida a kula da tukunyar miyar kuka. Ranar Litinin da hantsi, da yake makaranta na hutu, aka yi karon farko. Gwarzo ya tattare hannun riga, ya hura murhun gawayi bayan ashana goma sha ɗaya sun yi shahada, ya zuba ruwa a tukunya, ya jefa malmala biyu, ya bi su da miya kamar yadda ya sha ganin ana yi daga nesa. Ɗumame ya fito. Ya ɗan kama ta ƙasa, ya ɗan yi ruwa ta sama, amma ɗumame ne, kuma ya cinye shi tas, ya kankare kanzon ya tauna. Sai ya zagaya tsakar gida yana yi wa kansa kirari, tunda babu maroƙi a kusa: Galadiman Ɗumame! Barden Kanzo! Mai hana ƙuda walima! Dodon kwandon shara, wanda shara ke kwana da yunwa a zamaninsa!

Abin da jarumin bai sani ba shi ne, mace ba ta barin unguwa sai ta yi wa maƙwabta sallama. Hajiya Saude ta shiga gida-gida kafin ta tafi, a kowane gida kuma ta faɗi abin da kowace mace ke faɗi: ga Malam nan shi kaɗai, a riƙa leƙa shi. Malaman tarihi sun yi saɓani a kan ko ta faɗi haka ne don tausayi ko don makida. Allah Shi ne masani.

Da azahar runduna ta farko ta bayyana ta kan katangar gabas. Gwaggo Lantana ce, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda ta san Mamuda tun yana yawo ba wando. Ta taka turmi ta miƙo langa cike da dambu.

"Mamuda! Zo ka karɓa, hannuna ya gaji. Wai kai ne ka cika unguwa da hayaƙi ɗazu? Na zaci gobara ce."

"Gwaggo, ai da kin bar shi, akwai abinci."

"Akwai abinci! Ji shi. Karɓi ni dai, kada ka mutu a ce a gabana aka yi."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, domin ba a mayar da hannun kyauta, balle na tsohuwa. Bai kai ga ajiye langar ba aka ƙwanƙwasa katangar yamma: shinkafa da wake daga gidan Alhaji Ɗanlami mai kanti, da mai da yaji a gefe. Da la'asar taliya ta shigo ta ƙofar zaure daga gidan da ke fuskantarsu. A ciki kuwa malmala huɗu na zaune a kula suna jiran ranarsu. Firij ɗin gidan tun bara ya koma kabad ɗin ajiye kofuna, don wutar lantarki ba ta zuwa sai ta ga dama, kuma ba ta cika ganin dama ba. Zafin bazara kuwa ya yi mubaya'a ga abokan gaba, duk abin da ya wuce yini ɗaya sai ya soma tsami.

Ranar Talata sadauki ya ci abinci sau biyar. Ranar Laraba ya ci sau shida, ya yi sallar la'asar yana ruku'u da taka-tsantsan. Ya lura cewa duk kwanon da ya gama da shi, biyu ke maye gurbinsa. Sai ya koma ga hikimar magabata: ya yayyanka ragowar tuwo ƙanana, ya shimfiɗa a faifai, ya shanya a rana, domin busasshen tuwo ba ya tsami. Nan take kajin unguwa suka sami labari. Suka diro ta kan katanga sahu-sahu ƙarƙashin jagorancin wani jan zakara mai ido ɗaya, wanda da gani ya sha yaƙi. Malam Mamuda ya zare muciya, ya riƙe murfin tukunya a matsayin garkuwa, ya tsaya a kan faifai cikin ranar da ke narka kwalta, daga hantsi har inuwa ta juya, yana ƙaraji: "Kur! Kur! Ba a zamanina ba!" Zakara ya kawo hari ta dama, aka kore shi, ya zagayo ta bayan randa, aka tare shi, ya yi kamar ya janye, ya dawo da gudu ta tsakanin ƙafafun gwarzo, aka yi ɗauki-ba-daɗi har takalmi ɗaya ya faɗa rijiya. Amma ko gutsure kaza ba ta samu ba. A rubuta wannan, domin gaskiya ce.

Ranar Alhamis ya zauna a kan tabarma a tsakiyar kwanuka, ya yi tadbiri irin na manyan kwamandoji, sai Allah Ya buɗe masa wata dabara. Ya tuna cewa ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ko ɗan goro ne sai an saka a ciki. To, me zai hana ya mayar da kwanukan cike da abin da ya dame shi? Ya jiƙa busasshen tuwon, ya haɗa da ragowar dambu da shinkafa, ya daka ƙuli-ƙuli, ya yanka albasa da tumatir yana hawaye irin na maza, ya zuba mai da yaji, ya kwaɗa a babbar roba. Ya cika kowace langa ya danna, ya miƙa gabas, ya miƙa yamma, ya kai tsallaken hanya da kansa. Ya dawo ya tarar da gida fayau. Ya ɗaga muciya sama ya yi shelar nasara ga randa da igiyar shanya.

Ba a yi rabin awa ba kan Gwaggo Lantana ya ɓullo a katanga, idanunta sun yi ja.

"Mamuda, kai ka yi wannan da hannunka?"

"Ni ne, Gwaggo," in ji shi, yana gyara tsayuwa don karɓar yabo.

"Innalillahi! Ɗan Ilu ne ya koma cin kwaɗon busasshen tuwo, muna raye a unguwa? Ashe abin da muke kawowa ba ya isarka, kana ta kunya ba ka faɗa ba! Allah sarki, dubi wuyanka."

Wuyan nan kuwa a ranar ya fi kowane lokaci kauri. Ya buɗe baki zai yi bayani, amma tuni ta sauka daga turmi tana kiran matan unguwa. Kafin magariba labari ya kai layi na uku cewa Saude ta tafi ta bar bawan Allah yana tattara kanzo. Ranar Juma'a aka yi wa gidan ƙawanya ta kowace kusurwa. Langa ta koma samira, samira ta koma kula mai hawa uku. Fate ya zo, ɗanwake ya zo, alala ta zo, wata baiwar Allah da bai taɓa jin sunanta ba ta aiko da burabusko. Kwano tara ya ƙirga a tsakar gida, kowanne da murfinsa, suna kallonsa.

A nan ne ya nemi agajin ƙawaye. Bayan sallar Juma'a ya ɗauki kwano uku ya kai majalisar da suke zama a ƙofar kantin Alhaji Ɗanlami, ya ce walima ce. Dattawa suka wanke hannu, aka buɗe kwanon farko. Alhaji Ɗanlami ya leƙa, ya shinshina, ya ja da baya.

"Malam Mamuda, wannan ai faten gidana ne. Shi na guje wa na ce ina da baƙi a kanti. Ka biyo ni da shi har nan?"

Aka buɗe na biyu, ladan ya gane ɗanwaken matarsa, ya ce shi azumin nafila ma yake tunanin ɗauka. Kowa ya ɗan taɓa don kunya, aka sa masa albarka, aka mayar masa da murafe. Ya koma gida da kwanukansa shi kaɗai, kamar sarkin da rundunarsa ta watse tun kafin a ga ƙurar maƙiya.

Abin da ya faru daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Lahadi, alƙalami na jin nauyin rubuta shi. Ya sassauta mazagin wando. Ya ɗumama, ya ci. Ya soya, ya ci. Ya shanya, ya jiƙa, ya sake ci. Ya ci a zaune, da zama ya gagara ya ci a tsaye, da tsayuwa ta gagara ya jingina da bango. Sau biyu ya tsaya a gaban kwandon shara da kwano a hannu, babu mai ganinsa sai Allah, sau biyu kuma ya tuna Barmo Mai Rumbu da kuma fuskar Hajiya Saude, ya juya. Ranar Lahadi da hantsi ya haɗiye lomar ƙarshe ta burabusko, ya wanke kwano tara ya kife, ya kwanta rigingine a tabarma yana numfashi ta baki.

Da azahar Hajiya Saude ta yi sallama. Ba ta cire mayafi ba ta wuce kwandon shara, ta leƙa, ta girgiza shi. Ta duba bayan randa, ta duba lambatu, ta leƙa ta katanga ta tambayi Gwaggo ko an ga akuya ta shigo. Sannan ta dawo ta tsaya a kansa.

"To, Malam, ka ci. Ni ce mai ɓarna. Daga yau hukunci naka ne."

Gwarzo ya so ya miƙe ya yi kirari, ciki ya hana. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya mayar.

Sai ta jawo kayanta. Ta sauke bokitin fenti cike da waina, ta sauke kula biyu na tuwon shinkafa, ta sauke roba mai murfi cike da miyar taushe, ta jera su a gaban tabarmarsa.

"Ragowar abincin suna ne, aka ce in taho wa Malam da shi. Da zafin nan ba zai kai gobe ba. Sai yadda ka ce."

Galadiman Ɗumame ya dubi bokiti. Barden Kanzo ya dubi kula. Jikan Jatau ya daɗe yana duban miyar taushe, mai yana kewaya samanta. Da ya yi magana, muryar ba ta kai ta ɗan tsako ba.

"Hajiya, ke me kika gani?"

"Ni? Wace ni! Ai ba ni da baki a nan."

"Don Allah, Hajiya."

"Ka ce me?"

"Na ce don girman Allah."

Ta ɗauko kwanukan nan tara ta jera, ta rarraba waina da tuwo da miya a ciki, ta taka turmi ta ɗaga murya sau ɗaya: "Gwaggo, na dawo! A gaya wa mutane Allah Ya saka, a huta haka nan!" Kwanuka suka fice ta gabas da yamma da ƙofar zaure, bokiti ya koma wayam kafin ruwan shayi ya tafasa, kuma tun daga ranar babu langar da ta sake haurowa.

Nan tarihin ya tsaya. Aka jiƙa wa mai nasara kanwa a kofi, ya sha yana yamutsa fuska, ya nemi a ɗan matsar masa da tabarma kusa da bayi. Allah Ya jiƙan mazan jiya, na yau kuma Ya ba su lafiyar ciki.