Nomau da Danjar A-kori-kura

A ƙauyen Tudun Gwanda akwai wani gida na wa da ƙane. Wan, Jatau, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai albasa birni da ita. Ƙanen, Nomau, magidanci ne mai ƙarfi da kirki, ba ya musu, ba ya ƙiwa. Sai dai yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Matarsa Gaje ta daɗe da gane haka, sai ta auna magana kafin ta furta. Jatau kuwa mai gaggawa ne, kullum mantawa yake yi.

Wata rana Jatau ya dawo daga birni yana salati. Wata tirela ce ta kusa hawa kansa, don danjar motarsa, jar fitilar nan ta baya, ta dushe kamar aci-balbal. Ya ce ba zai kai wa mai gyara ba, da hannunsa zai canja ta. Ya kira Nomau ya ce, "Je tasha ka sayo mini ƙwai biyu na bayan mota." Nomau ya wuce shagon kayan mota ko waiwaye bai yi ba. Ya tarar da masu ƙwai a bakin tasha, ya wuce su, don a gaban motoci suke zaune. Can ya hango wata tsohuwa da tiren dafaffen ƙwai a inuwar bayan wata bas. Ya sayo biyu, har da ƙullin yaji.

Jatau ya ce, "Mene ne wannan?"

"Na bayan mota ne, Yaya. Na gaban sun fi girma, amma ban saya ba."

Jatau ya karɓi ƙwan. Ya ɓare ɗaya ya ci, ya miƙa masa ɗayan.

Wata rana Jatau ya je birni da kansa ya sayo fitilu na zamani, masu ƙananan ƙwayaye jere kamar masara a jikin totuwa. Ya cire tsofaffin ƙwayayen ya ba Nomau ya ce, "Waɗannan sun mutu, ka san yadda za ka yi da su." Nomau ya haƙa rami a bayan gida ya binne su, ya shimfiɗa tabarma a ƙofa ya yi tagumi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Mutuwa aka yi mana, har biyu." Kafin azahar zaure ya cika da masu gaisuwa, wata maƙwabciya har da ƙwaryar kunu. Jatau ya sha kunyar bayani, Nomau ya sha kunun.

Wata rana Jatau ya kwanta a ƙarƙashin mota yana haɗa waya. Ya ɗaure, ya naɗe da salatif, fitila ta ƙi kamawa. Ya yi tsaki ya ce, "Ba ta samun wuta ne. Da za ta sami wuta da an gama." Tausayin wansa ya kama Nomau. Ya shiga gida ya kwashe garwashin murhun Gaje a kasko, tana tsakiyar tuƙin tuwo, ya kawo ya tura dab da tankin mai. Zafi Jatau ya fara ji a diddige. Ya fito da rarrafe, ya gwara kai da ƙarfe, ya yi ƙwallo da kaskon. Gaje ta leƙo da muciya a hannu ta ce, "Yaya, don Allah in yana kusa ku riƙa cewa wutar batir."

Wata rana da damina aiki ya kammala, saura gwaji. Motar na ajiye a kan gangaren ƙofar gida, an tokare tayarta da dutse, don burkin hannunta ba ya ci. Jatau ya ce, "Shiga ka taka burki. Kada ka saki sai na ce ka saki." Nomau ya shiga ya taka. Kafin Jatau ya zagaya baya aka yi masa sallama, wai shanu sun shiga gonarsa. Ya arce a guje.

Nomau na nan zaune. Rana ta take, Gaje ta kawo masa ɗanwake ta taga, ya ci da ƙafa a kan burki. Ta ce ya sauko, ya ce, "Bai ce ba." Hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, rufin motar na yoyo a ƙeyarsa. Cinyarsa ta yi tsami, ta koma rawa, ya danne gwiwar da hannu biyu.

Sai bayan la'asar Jatau ya dawo jiƙe sharkaf. Da ya gan shi a ciki, ransa ya ɓaci.

"Har yanzu kana nan? Saki mana."

Nomau ya saki. Mota ta fara sulalawa da baya.

"Taka! Taka!"

Ya taka, ta tsaya cak. Jatau ya leƙa ƙarƙashi, babu dutse, ruwa ya zare ƙasar ya tafi da shi tuni. Ya dubi ƙasan gangaren. Daidai saitin motar akwai rumfar mai ƙosai, kuma har yanzu cike take da mata da yaran da suka fake wa ruwa. Ya kinkimo manyan duwatsu biyu ya tokare tayoyin, sannan ya zo ya dafa kafaɗar ƙanensa.

Nomau ya ce, "Yaya, ta kama kuwa?"

Sai a lokacin Jatau ya tuna ko kallon fitilar bai yi ba. Ya zagaya baya. Ga ta nan jawur, har tana haska taɓon ƙasa.

Ya ce, "Ta kama, Nomau. Yanzu na ce ka saki."