Injiniya Hammadu Ya Raba Babur da Hayaƙi

"Duk ƙarfen da ke numfashi a ƙasar nan, daga jirgin ƙasa har keken ɗinki, in na kara masa kunne sai ya gaya mini inda ke masa ciwo."

Mai wannan magana shi ne Malam Hammadu, wanda ya kafa rumfa a Ogui, cikin Inugu, ana saura shekara guda a karɓi mulkin kai. Ni dai tun da na san shi ban taɓa ganin ya wuce facin tayar keke ba, ita ma sai an dawo sau biyu. Amma da kansa ya sa aka rubuta masa Injiniya a allo, mu kuma muka bar masa, tunda suna ba ya cin tuwo.

To akwai wani saurayi, Dogara, ɗan kudancin Zariya, ma'aikacin gandun daji. Ya sayi babur a hannun wani Bature safiyo, mai awon ƙasa, da zai koma gida, irin dogon babur ɗin nan na shiga daji mai tayoyi da haƙora. Shi irin wannan babur ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. A tanki ake haɗa shi da fetur, murfi guda kowane galan, shi ya sa duk inda ya bi sai ya bar shuɗin hayaƙi kamar ana gasa masara.

Dogara bai damu da hayaƙi ba sai da ya fara neman Irene, wata nas mai son fararen kaya. Ranar Asabar zai kai ta Anaca, unguwar Fegge, wurin kawunta Kure, direba kuma makaniken manyan motoci. A hannun kawun aurenta yake, ga shi washegari zai tafi Jos, ba kuma mai sanin ranar dawowarsa. Irene ta ɗinka sabuwar farar riga, ta kuma gaya wa Dogara ba za ta je gaban kawunta tana warin salansa ba. Abin ya tsaya wa yaron a rai, don yana sonta ƙwarai. Ƙaddara ta sa ya kai kukansa rumfar Injiniya.

Hammadu ya zagaya babur sau uku yana gyaɗa kai. Ya kwanta ƙasa yana neman inda ake juye baƙin mai, ya nema har ya gaji bai gani ba, sai ya miƙe ya ce masu ƙera shi sun manta. Da ya buɗe tanki ya tsoma yatsa, sai ya ji santsi. Dogara ya yi masa bayani cewa haka Baturen ya koya masa.

"Yaro man kaza," in ji Hammadu. "Bature zai tafi, yana so ya bar ka kana sayen man 'yan uwansa har tsufanka. Ka taɓa ganin an zuba miya a randar ruwan sha? Ƙasa ma za ta sami 'yanci, balle babur."

Ya juye tankin tas, ya ɗauraye, ya cika shi da fetur zalla. Haulatu mai ƙosai, wadda kaskonta ke gefen rumfar, ta ce ita dai ba ta san boko ba, amma ba ta taɓa ɗora kasko a wuta babu mai ya yi mata daɗi ba. Hammadu ya ce ta ji da wakenta, maganar inji ta maza ce.

Aka buga kika, babur ya tashi. Da ya ɗan ƙone ragowar man da ke cikinsa, wallahi hayaƙi ya ɗauke. Muryarsa ma ta ƙara kaifi. Hammadu ya tura hula gaban goshi, ya yini yana tare masu wucewa yana nuna musu salansa. Har cewa ya yi zai rubuta takarda zuwa kamfanin babur ɗin a Ingila ya sanar da su kuskurensu.

Asabar da hantsi Dogara ya goya Irene, tana ƙyalli kamar balbela. Hammadu ya ce zai bi su a keke har gindin tudun Miliken don ya saurari numfashin injin, amma kowa ya san so yake a ga mai aikin. Babur ya kama hawan tudu da ƙarfinsa. Ana tsakiyar hawa sai ya fara wani kuka siriri, ya yi ƙara ƙas, tayar baya ta ja ƙasa, shi ke nan ya yi shiru.

Can sai ga Injiniya yana turo keke yana haki. Ya ce kada kowa ya damu, fulogi ne. Ya kwance fulogi da sifana, ya ƙone yatsu, ya hura, ya mayar. Ya taka kika, kika ta ƙi motsi. Ya tattara riga ya daka mata tsalle da ƙafa biyu, ƙafar ta zame, sai ga shi zaune a kwata. Ya tashi ya ce zazzaɓi ne ya kama injin, ya karɓi ruwan shan Irene ya sheƙa masa. Injin ya yi cuu, wani abu ya ce ƙal a ciki. Daga nan Hammadu ya fara zancen sammu.

Rana ta take, motar fasinja duk wadda ta zo a cike take. Dogara ya zauna a kan dutse, kunya da baƙin ciki sun cika shi. Da ƙyar wata motar kwal mai zuwa Anaca ta tsaya. Direban ya leƙo ya dubi babur ya ce, "Oga, na who kill am?" Wato wa ya kashe shi. Gaban motar a cike yake, don haka a bisa kwal aka ɗora babur da keke da mutum uku, don Irene ta ce ƙafarta ƙafar Injiniya.

Mil sittin da 'yan kai suka yi iska tana yi musu kwalliya. Da suka sauka a Fegge, sai da Irene ta yi magana kafin kawunta ya gane ta. Aka gaisa, aka ba su ruwa. Kafin a shiga maganar aure, Kure ya ɗauko sifana ya buɗe kan injin. Fistan ya manne da bango kamar ƙanzo. Ya tsoma yatsa a tanki ya sansana, fuskarsa ta canza.

Ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da zai hana ƙarfe mai da hannunsa ba, don wanda ya yi wa babur haka zai yi wa mace. Ya dubi Dogara ya tambaye shi ko shi ya yi wannan aiki. Dogara yaro ne mai kunya, ba zai tona asirin sa'an ubansa a bainar jama'a ba, sai ya sunkuyar da kai. Auren nan ya kama hanyar lalacewa a kan idon kowa.

Hammadu ya yi gyaran murya. Tausayi ya kama shi, amma girman kai bai sake shi ba.

"Maigida, ba laifin yaron nan ba ne. Wani baƙin jahili ne can Inugu, mai kiran kansa makanike. Ni ma na yi masa faɗa bai ji ba. Wallahi duk ranar da na yi ido biyu da shi sai na kwaɗa masa mari."

Kure ya dubi yatsun Hammadu da suka yi bororo, ya dubi sifanar da ke leƙowa daga aljihunsa. Ya danne dariya, ya ce wa Dogara ya turo manyansa bayan Kirsimeti. Ita kuwa Irene ta buɗe jakarta, ta ciro ɗan madubinta, ta goge kwal ɗin da gefen riga, ta rusuna da ladabi ta miƙa wa Hammadu da hannu biyu.

"Baba Injiniya, ba sai ka jira komawa Inugu ba. Ga shi nan, bismilla."