Gayyar da Aka Yi wa Halliru Mai-Teku

Duk ƙasar Roni ba a taɓa haihuwar gwanin ruwa kamar Halliru Mai-Teku ba. Shaidarmu kuwa mai ƙarfi ce, don daga bakinsa muka ji. Lokacin da arzikin fetur ya fara zuba ya tafi Ikko, ya dawo da baƙin tabarau da wani dogon allo kamar ƙyauren ɗaki. Sana'arsa, in ji shi, hawan igiyar ruwa: teku ta taso ta kai soro, shi kuma ya tsaya ƙyam a kan allon tana gudu da shi, Turawa suna ta tafi.

Ranar kasuwa da allon a ka yake zagayawa. Ko ta'aziyya ya je, sai ya jingine shi inda kowa zai yi tuntuɓe da shi.

Da aka gina madatsar ruwa a bayan gari, dagaci ya ce zai naɗa Sarkin Ruwa. Halliru ya ɗinka babbar riga tun ba a ambaci sunansa ba. Dagaci ya ce to, ya ɗan hau a gani tukuna.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ruwa ne mai barci," in ji Halliru. "Mu manyan mahaya ba ma taka ruwa a kwance. A tayar mini da shi tsaye, ku sha kallo."

Hankalinsa kwance ya faɗi haka, don ya san daga nan har Babura babu ruwan da ke tashi tsaye. Abin da zaman Ikko ya mantar da shi shi ne, mutanenmu ba sa barin ɗan gari cikin buƙata. Sai aka kira gayya.

Ranar Laraba makaɗa suka zo, mata suka dama fura. Maza suka jeru cikin ruwa da masakai, suna tura shi gaba ɗaya bisa kiɗa. Hamma makiyayi ya koro garkensa duka ya afka ta gefe. Ruwa kuwa ya motsa, bakin gwargwado.

Gwaninmu ya duba hagu da dama, ba hanyar fita. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya ɗora ta biyu, ba mu ƙara ganin komai ba sai tafin ƙafafun. Ya ɓullo ba tabarau, yana salati, yana roƙon a cece shi.

Matarsa Asma'u ta ce daga bakin gaɓa, "Malam, miƙe mana. Iya cinya ne."

Allon kuwa bai jira kowa ba. Ya hau igiyar shi kaɗai, ya tafi sumul har tsallake, ko tangaɗi bai yi ba. Jama'a suka bi shi da tafi.

Dagaci ya naɗe rawanin da aka kawo, ya sa a hammata.

"Allon dai ya yi zaman Ikko," in ji shi.