Yadda Za Ka Liƙa Linki a Katin Aure Ka Aika Waliyyin Ango Wani Gari

Kai da ka sayi kwamfuta ta hannu, ka kama shago kusa da tashar Ƙaura, ka rubuta "Injiniya" a allon ƙofa, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zaga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kafin sati ya zagayo. Ban dai ce da alheri ba. Malaminmu a wannan fanni shi ne Maiwada mai zane, wanda ya haɗa katin ɗaurin auren Saminu da Kulsumu 'yar Malam Rilwanu na Shinkafi.

Mataki na 1: Ka sayar da abin da ba a nema ba

Duk Shinkafi babu wanda bai san masallacin da Malam Rilwanu yake salla ba, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka da kai. Kada wannan ya dame ka. Ka gaya wa ango yanzu manya ba sa raba katin takarda, PDF ake turawa ta waya, da linki a ciki, wato rubutun da in mutum ya taɓa sai taswira ta buɗe ta ja shi har wurin taro. In ya yi jim, ka ce, "Haka anka yi ma ɗan ciyaman." Ba a haifi angon da zai ji wannan ya ƙi ba.

Mataki na 2: Kada ka zana sabo

Wahala ta jaki ce. Buɗe tsohon katin da ka yi wa wasu mutanen Zurmi bara, ka goge sunaye, ka sa sababbi, ka mayar da furannin ruwan gwal. Inda aka rubuta "TAƁA NAN DON GANIN HANYA" ka bar shi yadda yake, ai ya yi kyau. Masu tsoron Allah sukan zaɓi rubutun, su buɗe akwatin linki, su cire tsohon adireshi su liƙa sabo. Kai injiniya ne, ba ka da wannan lokacin.

Mataki na 3: Ka tabbata linkin yana da rai

Nan ne gwaninta take. Ƙananan masu zane sukan mayar da rubutu hoto kafin su fitar da PDF, linkin ya mutu, baƙi su yi ta dangwala waya, su gaji su tambayi ɗan acaɓa, su isa lafiya. Wannan asara ce. Kai ka bar rubutun a rubutu, ka danna ɗan akwatin da yake cewa a tafi da linki. Maiwada bai taɓa mantawa da wannan akwati ba, Allah ya saka masa daidai aikinsa.

Mataki na 4: Kada ka gwada

Gwaji rashin yarda da kai ne. Da ango ya ce a taɓa a gani, Maiwada ya ce, "Ango, man janareto ya kusa ƙarewa. Ba ka ga rubutun linkin ya yi shuɗi ba? In ya yi shuɗi shina aiki."

Hikima: shuɗi ba ya ƙarya, sai dai ya yi shiru.

Mataki na 5: Ka yi addu'a a samu mai girman kai

Aikinka ba zai yi albarka ba sai da irin Alhaji Shehu, baffan ango kuma waliyyinsa, wanda ya daɗe a Legas har yake ganin tambayar hanya zubar da girma ne. Ranar Juma'a ya iso mararrabar Ƙaura da sadaki a aljihu. Direba ya ce hanyar Shinkafi ga ta can, Alhaji ya ce waya ta ce a bi dama, kuma waya ba ta shan ƙwaya. Suka yi sallar Juma'a a Zurmi yana ta mamakin yadda Shinkafi ta canja.

Aka idar, Malam Rilwanu ya kira shi.

"Alhaji, ina kunka tsaya? Ga mu ƙohwar masallaci."

"Mu ma muna ƙohwar masallaci, Malam."

"Wane masallaci?"

"Wanda kunka sa a kati mana! In kun sake wuri sai ku hwaɗi, ku bar wasa da hankalin manya. Mu ba mu saba da aikin ƙauye ba."

Wayar Malam a buɗe take, murya na fita waje, liman ya ji, sahun gaba duk sun ji. Ni kaina da aka ba ni labari sai da na ji kunya ta kama ni. Kafin Alhaji ya yarda ya tambayi mai rake sunan garin, la'asar ta gabato, kuma hanyar nan ba wadda mai hankali yake bi da yamma ba ce. Malam ya sa aka raba dabino sadaka, ya ce, "Wanda ya kira ni ɗan ƙauye gaban almajiraina, ba ni ba gidansu ɗiyata."

Mataki na 6: Ka san haƙƙinka

In Saminu ya zo shago idonsa jawur, kada ka firgita. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan ban ji an yi wa mai zane bulala kan linki ba. Ka buɗe katin a gabansa, ka taɓa, taswira ta buɗe tar. Ka ce, "To, mi ya lalace? Ga shi nan shina aiki." Gaskiya ka faɗa, Allah shaida. Sannan ka yi masa tayin katin ban haƙuri, da linki a ciki.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin man motar da aka ƙone, ko tuwon biki da ya kwana, ko marin da za ka sha. Wanda ya bi shawarata ya bi don kansa. Mai ƙorafi ya kai wa Maiwada, yana nan shagonsa, ciniki ma ya ƙaru. Kada dai kowa ya je wa Kulsumu da maganar. Lallen hannunta ya goge tun tuni, kuma har yau Malam bai yarda a sake sa rana ba.