Salansar da Na Kai Wajen Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka binne Malam Ilu ba, kuma abin kunyar shi ne ba mutuwar ce ke fara zuwa mini a rai ba. Salansar babur ce.

Lokacin ina malamin gona a aikin noman rani, ina zagaya gonakin alkama da tumatir tsakanin Kadawa da Bunkure, a tsakiyar shekarun tamanin. Shekara uku na yi a kan keke kafin na samu babur, na hannu ne amma babba, mai faffaɗar kujera, irin wanda in ka hau sai ka ɗan kishingiɗa kamar mai mulkin gari. Aibinsa ɗaya, tsatsa ta cinye salansarsa.

Na kai shi wurin Ɗanlami, wani bakanike a bakin titin Kura. Ya fito da salansa biyu ya ajiye a gabana.

"Wannan irin ta kamfani ce, Malam. Ba ta da hayaniya, kamar keken ɗinki. Wannan kuwa an fafe cikinta, ba abin da ke tare hayaƙi. Samari sun ce tana ƙara gudu."

Na ce, "Ƙara fa?"

"Akwai ƙara. Kuma in ka kashe injin da zafi takan yi harbi. Gaskiya in ni ne, ta farkon zan ɗaura."

Na ce ya ɗaura ta biyun. (Bakanike ya gaya maka gaskiya, kai kuma ka ƙi ji. Ka ga irin basirar da nake da ita a lokacin.) Gudun da aka ce, ban taɓa ganinsa ba, don hanyar bakin kanal ɗin ban ruwa ba ta da wurin gudu. Ƙarar dai na samu. Kafin in iso gona, masu ban ruwa sun san ina tafe, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Malam Ilu maƙwabcinmu ne, katangarmu ɗaya, shi ya biya mini allo tun daga Fatiha har na sauke. Tun damina yake kwance. Wata Laraba ina Bunkure da hantsi aka aiko cewa ya cika, za a yi masa salla bayan azahar a filin ƙofar gidansa. Na makara wurin wani manomi da ruwa ya fasa wa kunyar gona, don haka na murɗe babur iya ƙarfinsa. Na san ya kamata in sauka daga bakin gari in tura shi da hannu. Na sani sarai. Amma wani abu a zuciyata yana so mutane su ji cewa ɗalibin Malam ya taho a guje.

Ina karya kwanar masallaci sai na ga sahu, sahu bayan sahu har bakin magudanar ruwa, ga makara a gaba, liman ya riga ya tayar. Ƙarata ta danne muryarsa. Na baya ba su ji kabbara ba, wasu suka ɗaga kai. Cikin ruɗewa na kai hannu na murɗa makulli.

Sai ta yi harbin.

A shekarun nan ƙarar bindiga ba abin wasa ba ce a ƙasar Kano, mutane ba su gama mantawa da rikicin da aka yi a birni 'yan shekarun baya ba. Sahun baya ya watse. Wani ya yi salati da ƙarfi, wasu suka kwanta a ƙasa, mata suka ɗauki kuka daga cikin gida. Baba Iro, wani dattijo mai sayar da iri wanda ba ya gani sosai, ya ja da baya ya faɗa magudanar, hannunsa ya karye. Ni kuma ina nan zaune a kan faffaɗar kujerata, a ɗan kishingiɗe, hayaƙi na tashi a bayana.

Ba wanda ya zage ni. Da ma an zage ni. Liman ya juyo ya dube ni, ya ce, "A daidaita sahu, za mu sake." Aka fito da Baba Iro yana nishi, aka sake wa Malam salla daga farko. Na tsaya a ƙarshen sahu, wanda ke kusa da ni ya ɗan matsa.

Ranar sadakar uku na samu Yaya Habu, babban ɗan marigayin, a zaure. Na durƙusa na ce ya yafe mini abin da ya faru.

Ya ce, "Na filin ai tsautsayi ne, ya wuce. Wanda bai wuce mini ba shi ne na kullum."

Ban gane ba.

"Ɗakin Malam jikin zaurenku yake. Ciwon ba ya barinsa ya runtsa sai gari ya waye. Da ya fara barci sai ka tayar da babur. Wata biyu haka. Sau uku na tashi zan same ka, yana riƙe mini riga. Ya ce, 'Ƙyale shi, Habu, ya daɗe a kan keke.'"

Washegari na tura babur ɗin da ƙafa har titi, na kai wa Ɗanlami ya cire salansar. Ya ɗauko ta farkon daga inda ya rataye ta. Baba Iro ya yi wata uku da ɗori, hannun bai koma daidai ba har ya bar duniya, kuma duk sanda na je gaishe shi sai ya tambaye ni lafiyar babur.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In ina yin abu kullum ba wanda ya ce mini uffan, na daina ɗauka cewa ba wanda na dama. Yawanci akwai wani mai haƙuri a bayan katanga da ya riƙe wa mutane riga.